Gwangwanayen Cima

Cima ba ta yi lakkol ba,
amma duk daren ɗaya ga wata ni ne ɗalibi.
Sai yara sun yi barci, an kashe rediyo,
ta jawo kwalla daga ƙarƙashin gado,
ta jera gwangwanayen madara bisa tabarma,
kowanne da ƙyalle ɗaure a wuya,
guntayen da na sharo daga shagona a Kasuwar Dole.

"Zube," in ji ta. Na zube.
Abin da keken ɗinki ya haifa cikin kwana talatin,
takardu masu warin gumi,
da 'yan dalolin da suka ɓuya a kusurwar aljihu.

Ja na mai gidan haya ne, can Zango,
jikka goma sha biyar, kunnensa bai san "sai gobe" ba.
Shuɗi na ruwa.
A garin nan da ya zauna bisa dutse
famfo kan yi tari, ya yi shiru kwana huɗu,
mai kura ya yanka wa jarka kuɗin da ya ga dama,
don haka shuɗi rabo biyu yake ci
har hadari ya taso daga gabas.
Rawaya na kuran,
wanda ko ya zo ko bai zo ba
takardarsa ba ta taɓa ɓatan hanya.
Cefane ba ya da gwangwani,
a bakin zanenta yake kwana.

Waɗannan na san su, kowane wata suna sallama.
Masu kayar da ni su ne 'yan sau ɗaya a shekara,
baƙin da na san ranar zuwansu
amma kullum su tarar ban share ɗaki ba:
kayye da bik in lakkol ta koma,
takalmin Lawali da ƙafarsa ba ta jiran kowa,
buhu uku na gero daga Mirriya tun da kaka,
tun tiya tana da kunya,
yaɓen soro kafin ruwan fari,
harajin shago,
sai rago.

Ragon nan gida goma sha biyu ta raba shi.
"Watan jiya mun sayi cinya,
yau haƙarƙari."
Haka yake girma cikin farin gwangwani,
ba dusa, ba harawa, ba kuka da dare.

Bara, bayan salla, da ɗinki ya ɗauke ƙafa,
igiyar keke ta tsinke, ga sunan ɗan aminina.
Na lallaɓa da azahar tana maƙwabta,
na zare jikka biyar, na mai da murfi yadda yake.
Da wata ya tsaya ba ta ma ƙirga ba,
leƙawa kawai ta yi.
"Malam, ragonmu yana ɗingishi."
Sati uku ina dafa shayina ba sukari
kafin ƙafar ta warke.

Akwai na ƙarshe, marar ƙyalle,
mai lotsattsen gefe, wanda ba ya ƙoshi.
Na taɓa tambaya na wane ne.
Ta ce, "Na wanda bai faɗi sunansa ba tukuna."
Ya faɗa a tsakiyar damina,
daren da jikin Basira ya yi zafi kamar dutsen Birni da rana,
likita ya miƙo takarda mai layi biyar.
Ban buga ƙofar kowa ba,
ban tsaya ina murza hula gaban mai kanti ba.

Yau ma mun gama.
Ta rufe su ɗaya bayan ɗaya, ta mai da kwalla,
dala arba'in ta yi saura bisa tabarma.
Ta ture ta wajena da ɗan yatsa:
"Goronka."
Na ɗauka, na juya ta, na dube ta,
na ce ta sake jawo kwallar.